Biba: Ɓarna Take Yi Ko Gyara?

Tambaya: Na kalli bidiyon wata dabba, biba, tana kayar da bishiyoyi tana toshe rafi. Me ya sa wasu ƙasashen Turai ke dawo da ita da gangan?

Amsa: Biba dangin ɓera ce, sai dai takan kai kilo 20 ko fiye. Ba ta cin kifi. Abincinta ɓawon itace ne da tsirran ruwa. Madatsar da take yi da rassa, taɓo da duwatsu don tsaron kanta ce: ƙofar gidanta tana ƙarƙashin ruwa, saboda haka tana neman zurfin da kerkeci ba zai cim mata ba, wanda kuma ba zai daskare har ƙasa da hunturu ba.

Amfaninta yana cikin rage gudun ruwa. Madatsar ba ta toshe rafi ruf, tana yoyo. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tafkin kan riƙe wani kaso ya riƙa sakinsa sannu a hankali, sai ambaliya ta yi sauƙi a gangare. Ruwan da ya kwanta yana nitsewa cikin ƙasa, shi ya sa rafin kan daɗe bai ƙafe ba lokacin fari. Laka da ragowar takin gonaki suna kwantawa a tafkin, ruwan ya fita da tsabta. Kwaɗi, agwagwa, kifi da ƙwari su sami fadama. Bayan farauta ta kusa ƙarar da ita a Turai, Sukotlan ta dawo da ita a Knapdale a 2009.

Amma wuri ne ke yanke hukunci. A 1946 Ajantina ta kai biba daga Kanada zuwa Tierra del Fuego, tsibirin da ke ƙarshen kudancin ƙasar, inda babu dabbar da ke farautarta, bishiyoyin can kuma ba sa tohowa bayan sara. Ta lalata dazuzzuka masu yawa.

Inda ta cika gona ko hanya da ruwa, rushe madatsar aikin banza ne, cikin 'yan kwanaki za ta sake ginawa. Sai dai a ratsa bututu ta cikin madatsar, a kai bakinsa can tsakiyar tafkin a kewaye shi da ragar waya, don kada ta ji motsin ruwan ta toshe shi. Bishiyar da ake so kuwa a naɗe gindinta da raga mai tsayin mita ɗaya.