Filin Tambaya da Amsa: Mece ce ma'anar "annul"?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. A littafinmu na tarihi na ci karo da kalmar "annul" wajen labarin zaɓen 12 ga Yuni. Wata ƙawata ta ce ɗaya suke da "cancel". Haka ne? Kuma daga ina kalmar ta fito? Ɗalibarka daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: 'Yata, ƙawarki ta kusa, amma da sauran magana. Kowa yana iya yin "cancel": ke ma in kin fasa zuwa biki kin yi. Ita kuwa "annul" sai mai iko, kotu ko gwamnati, kuma nufinta a soke abu a mayar da shi tamkar ba a taɓa yin sa ba.

Asalinta Latin ne: "ad" da "nullum", wato mayarwa ba komai ba. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14. Kada ki haɗa ta da "annual", wadda ta fito daga "annus", shekara. Ɗalibai da yawa nan suke tuntuɓe.

Ni dai ban san nauyin kalmar nan ba sai ranar 23 ga Yuni, 1993. Muna zaune a teburin mai shayi a Runjin Sambo, an kewaye 'yar ƙaramar rediyo, aka ce gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen shugaban ƙasa da Abiola na jam'iyyar SDP ya kara da Bashir Tofa na jam'iyyar NRC. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "To layin da muka bi cikin rana fa?" Abin da kalmar ke yi ke nan: an yi layi, an ƙirga, amma a idon hukuma kamar ba a yi ba. Har yau in na karanta ta, fuskar dattijon nan nake gani.

A aure ma haka take. Saki yana kawo ƙarshen auren da ya inganta. Amma in an gano miji da mata sun sha nono ɗaya, alƙali ya raba su domin auren tun farko bai ɗauru ba, wannan shi Turawa ke kira "annulment".

Ki kula da rubutu a jarrabawa: "annulled" da l biyu, "annulment" da l ɗaya. Allah Ya ba da sa'a.