Juyo bidiyon tsohon kaset zuwa kwamfuta

Ɗan'uwa, ka ce kana da kaset ɗin bikin iyayenka, kana so ka juyo shi cikin kwamfuta ka yi masa gyara. Fara duba irin kaset ɗin.

In VHS ne, nemi bidiyo mai kaset da ke aiki, da 'yar na'urar ɗauka ta USB mai ramuka uku: rawaya na hoto, ja da fari na sauti. Manhajar OBS Studio kyauta ce, ta ishe ka ɗauka. Amma ka saita ta a PAL, tsarin hoton talabijin da Najeriya ke bi. In ka bar ta a NTSC, wato tsarin Amurka, hoton zai fito ba kala ko yana rawa.

In ƙaramin MiniDV ne, sai da kyamararsa da kwamfuta mai ramin FireWire, wani ramin haɗa na'urori daban da na USB. Kar ka ɓata kuɗinka a wayar nan mai USB a baki ɗaya, FireWire a ɗayan, ba ta aiki. Awa ɗaya kuma tana cin kusan 13GB na wurin ajiya a kwamfuta.

Kaset na awa biyu, awa biyu zai ci ana ɗauka, don haka ka tanadi wutar da ba za ta yanke ba. Wajen gyara, manhajar Shotcut ba ta da nauyi.

In ka ga fumfuna fari-fari a jikin zaren, kar ka kunna shi. Kai wa mai gyaran bidiyo ya tsaftace shi tukuna.