Injin Motata Yana Ɗaukar Zafi A Bazara

Tambaya: Ina jigila da Hiace tsakanin Kano da Katsina, kuma tun shigowar bazara injinta yake ɗaukar zafi, musamman a cunkoso. Ina mafita?

Amsa: Malam, tunda zafin ya fi tsananta a cunkoso, fara zargin fanka ko fambel, domin idan mota tana tsaye babu iskar da ke ratsa lagireto sai wadda fanka ta jawo. A wanke lagireton kuma, saboda ƙurar hunturu tana toshe ramukansa. Kada ka buɗe murfinsa da zafi, ruwan yakan wuce digiri 100. Idan man injin ya yi fari kamar madara, mai yiwuwa gasket ya ƙone, sai bakanike.