Game da zaɓi tsakanin likitanci da aikin jinya

Malama, kin tambaya ko ɗiyarki, wadda makinta na JAMB bai kai na likitanci ba, ta karɓi aikin jinya ko ta jira baɗi. A ganina ta karɓa, muddin tana sha'awar kula da marasa lafiya.

Digirin likitanci shekara 6 ne, sannan a yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti kafin hukumar kula da likitoci ta Najeriya (MDCN) ta ba da cikakken lasisi, kuma da yake hukumar tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gurbi yana wahalar samu a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko da makin ɗaliba ya yi kyau. Digirin jinya shekara 5 ne, kuma darussan jarrabawar shiga ɗaya ne: Ingilishi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks.

Abin da nake jan hankalinki a kai shi ne batun sauya kwas daga baya, domin ba kasafai jami'o'i ke amincewa a koma likitanci ba. Kafin ku biya kuɗin rajista, ku tabbatar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta amince da sashen jinya na jami'ar da za ta shiga.