Ƙungiyoyin jami'o'in Amurka da suka shiga ran jama'a amma kofi ya kuɓuce musu

Ƙanena, ka tambaya me ya sa tsofaffin masu bin ƙwallon kwando suke yawan ambaton wasu ƙungiyoyin jami'o'in Amurka da ba su ɗaga kofin ƙasa ba, har fiye da waɗanda suka ɗaga, kuma wacce ce rashinta ya fi ciwo. A wurina Houston ce ta 1983, sai Michigan ta 1993 ta bi mata. Amma sai ka fara sanin yadda gasar take, don a nan tushen maganar yake.

Gasar NCAA, wato gasar kofin ƙasa ta jami'o'in Amurka, ana yin ta ne daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, kuma sili ɗaya ƙwale ce. A 2011 aka mayar da ƙungiyoyin maza 68, kuma mai son kofi sai ya ci aƙalla wasa shida a jere. A NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, sai an doke ka sau huɗu cikin bakwai kafin a fitar da kai, shi ya sa a can da wuya wanda ya fi ƙarfi ya faɗi. A jami'a kuwa minti 40 ne kacal. Tauraronka ya tara laifi da wuri, ko hannun yaranka ya yi sanyi a daren, shi ke nan aikin wata biyar ya tafi. Ga shi kuma ɗalibai ne, baɗi wasu sun gama karatu, wasu sun wuce NBA, ba za a sake haɗa wannan tawagar ba har abada.

Houston ta wancan lokaci, wadda ake wa laƙabi da Phi Slama Jama, tana da alaƙa da mu kai tsaye, domin ginshiƙinta Hakeem Olajuwon ne, ɗan Legas. Tun yana yaro tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 ya shiga ƙwallon kwando, lokacin da makarantarsu, Muslim Teachers College, za ta je gasar wasannin kwalejojin malamai a Sakkwato, aka aro shi daga 'yan ƙwallon hannu. Idan ka lura da yadda yake sarrafa ƙafafunsa a ƙarƙashin kwando, za ka ga mai tsaron gidan bai bar jikinsa ba. A Houston ya haɗu da Clyde Drexler, ƙarƙashin koci Guy Lewis, wanda ya yi imani cewa babu jifan da ya fi tabbas irin a tashi sama a danna ƙwallo cikin kwando. Gudu suke yi da donkin, tun daga farko har ƙarshe. A 1982 sun kai wasan kusa da na ƙarshe, North Carolina ta su Michael Jordan ta fitar da su. A 1983 suka iso wasan ƙarshe da nasara 26 a jere, bayan sun doke Louisville 94 da 81 a wasan da har yau ake nuna wa yara.

Ni a kaset ɗin bidiyo na fara ganin wasannin nan, wani yayanmu da ya dawo karatu daga Amurka ne ya zo da su lokacin muna buga ƙwallo a Zariya. Daga baya da na fara horar da yara a ƙarshen mako, na koma na kalli wasan ƙarshen na 1983 da idon koci, kuma abin da na gani ya sa ba na yarda idan aka ce sa'a ce kawai ta ba NC State, jami'ar da ta doke Houston a wasan, kofi.

An buga wasan ran 4 ga Afrilu a Albuquerque, gari mai tudu da ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya. NC State ta Jim Valvano an doke ta sau 10 a kakar, ba wanda ya ba ta dama. Kafin hutun rabin lokaci Drexler ya riga ya yi laifi huɗu, saura ɗaya a fitar da shi, kuma NC State na gaba 33 da 25. Da aka dawo, Houston ta zuba maki 17, abokan hamayya suka ci 2, aka koma 42 da 35. A nan ne wasan ya lalace. Olajuwon ya gaji har sai da aka sa masa iskar numfashi a benci, sai Guy Lewis ya umarci yaransa su rage gudu su riƙa jan ƙwallo don cinye lokaci. A lokacin babu agogon da ke tilasta jifa a gasar, sai a kakar 1985 zuwa 1986 aka kawo shi. To amma Houston ba a jan ƙwallo ta ginu ba, kuma rauninta ɗaya da kowa ya sani shi ne jifan fanareti. Valvano ya ce a riƙa yi musu keta da gangan a tura su layi. Sun jefa 19 a daren, 10 suka shiga. Ana 52 da 52, saura kamar minti ɗaya, wani ɗan ajin farko, Alvin Franklin, ya ɓarar da nasa. NC State ta riƙe ƙwallo har daƙiƙun ƙarshe, Dereck Whittenburg ya wurga ta daga nesa, ba ta ko taɓa ƙarfen kwando ba, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya danna. 54 da 52. Olajuwon, da ya ci maki 20 ya kuma kwashe ƙwallo 18 daga allo, ya ɗan matso gaba a wannan daƙiƙar, babu kowa a ƙarƙashin kwando. Duk da an doke su, shi aka ba kyautar gwarzon gasar.

Abin da nake gaya wa yarana daga wannan wasa shi ne, idan kana gaba da abin da ka iya, kada tsoro ya sa ka koma abin da ba ka iya ba. Ban raina Guy Lewis ba, mutum ne da ya kai jami'ar nan zagayen huɗun ƙarshe sau biyar, kuma yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar baƙaƙen 'yan wasa a kudancin Amurka a shekarun 1960. Amma shawarar wannan daren ita ta buɗe wa NC State ƙofa. A 1984 suka sake zuwa wasan ƙarshe, ba Drexler, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75, John Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya ci kofin a matsayin koci. Wannan ba ta yi min ciwo ba, don Georgetown ta fi su. Olajuwon da Drexler sai a 1995 suka ɗaga kofi tare, a NBA, da Houston Rockets. Jami'ar kuwa ta sake kai wa wasan ƙarshe a 2025, muka hana ido barci wajen ƙarfe biyu na dare, ta ba Florida tazarar maki 12 bayan hutu, aka tashi 65 da 63 Florida ce a gaba, ba su ma samu jefa ƙwallon ƙarshe ba.

Akwai waɗanda suka zo ba a taɓa doke su ba a kakar, kuma za ka ji ana ambatonsu. Indiana State ta Larry Bird ta ci wasa 33 a jere a 1979, Michigan State ta Magic Johnson ta tsayar da ita 75 da 64. UNLV, jami'ar Nevada da ke Las Vegas, ta ci 34 a 1991, Duke ta fitar da ita 79 da 77, ita da ta lallasa Duke ɗin 103 da 73 shekara ɗaya kafin nan. Kentucky ta ci 38 a 2015, Wisconsin ta kayar da ita. Gonzaga ta ci 31 a 2021, Baylor ta yi mata 86 da 70, tun mintunan farko aka san inda wasan ya dosa. Rabon da wata ƙungiyar maza ta gama kaka ba a doke ta ba ta kuma ɗauki kofi tun Indiana a 1976. Waɗannan ana girmama su, amma ban da ta Bird da Gonzaga, ba na jin an so su irin son da kake tambaya a kai. Jama'a da yawa murna suka yi da faɗuwar Kentucky.

Butler ta 2010 daban ce. Ƙaramar jami'a ce mai ɗalibai wajen dubu huɗu, kocinta Brad Stevens yana da shekara 33, aka kuma yi wasan ƙarshen a garinsu, Indianapolis. Duke na gaba 61 da 59, Gordon Hayward ya jefa daga tsakiyar fili lokacin da agogo ke ƙarewa, ƙwallon ta bugi allo, ta bugi ƙarfe, ta fito. Da ta shiga, da maki uku ne da kofi. Sun dawo wasan ƙarshe a 2011, amma cikin jifa 64 guda 12 kawai suka shiga, Connecticut ta ci 53 da 41. A ɓangaren mata kuma kada ka manta da Iowa ta Caitlin Clark, wadda ta sha kashi a wasan ƙarshe sau biyu a jere, a hannun LSU ta jihar Louisiana a 2023 da South Carolina a 2024, kuma na biyun ya tara masu kallo a talabijin fiye da na maza a shekarar.

Wadda ba ta ko kai zagayen huɗun ƙarshe ba amma ba a manta da ita ba ita ce Loyola Marymount ta 1990. Koci Paul Westhead ya koya musu su jefa cikin 'yan daƙiƙu da samun ƙwallo, har suna cin maki 122 a kowane wasa idan aka daidaita. Tauraronsu Hank Gathers, wanda a kakar da ta gabata ya fi kowa a ƙasar cin maki da kwasar ƙwallo daga allo, yana da ciwon zuciya. Ran 4 ga Maris ya faɗi ana tsakiyar wasa da Portland, ya rasu yana da shekara 23. Abokan wasansa suka yanke shawarar shiga gasar duk da haka. Amininsa tun sakandare a Philadelphia, Bo Kimble, ba bahago ba ne, amma ya riƙa jefa fanaretinsa na farko a wasa da hannun hagu, domin haka Gathers yake yi. Sau uku ya yi, duka suka shiga. Sun doke Michigan mai riƙe da kofi 149 da 115, sai UNLV ta tsayar da su 131 da 101 a zagayen takwas na ƙarshe.

Sai Michigan, wato Fab Five. A 1991 koci Steve Fisher ya ɗauko yara biyar a shekara ɗaya: Chris Webber, Jalen Rose, Juwan Howard, Jimmy King da Ray Jackson. Kafin kakar ta ƙare su biyar ɗin ne ke fara wasa, dukansu 'yan ajin farko, abin da ba a saba gani ba a zamanin. Dogayen wanduna masu faɗi, baƙar safa, baƙin takalmi, aski ƙwal, da baki a fili. Manya da yawa sun tsane su, wasu tsofaffin ɗaliban jami'ar har wasiƙun zagi na wariyar launin fata suka aika. Matasa kuwa ko'ina suka kwaikwaye su. Mu ma a nan, ɗan guntun wandon da muka taso da shi ya ɓace daga filayenmu cikin 'yan shekaru, kowa ya koma wurin tela a ƙara masa tsawo.

A 1992 Duke ta doke su 71 da 51, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga yara 'yan shekara 18 da 19. Ta 1993 a New Orleans ita ce mai zafin. North Carolina na gaba 73 da 71, saura kamar daƙiƙa 20, Webber ya kwashi ƙwallo daga allo, ya ja ƙafa alƙalin wasa bai hura ba, ya ruga da ita har kusurwar da ke gaban bencinsu, mutum biyu suka rufe shi. Saura daƙiƙa 11 ya haɗa hannu ya nemi hutun shawara, alhali Michigan ta cinye nata duka. Doka ta ce laifi ne, a ba abokan hamayya fanareti biyu da ƙwallo. Aka tashi 77 da 71. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda aka rataya wa yaro ɗan shekara 20 wannan kaye shi kaɗai. Ya ci maki 23 ya kwashe ƙwallo 11 a daren, in ba don shi ba da ba a kai ga maki biyu tsakani ba. Kuma ka tambayi duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiya: babban mutum ba shi ya kamata ya haye da ƙwallo a irin wannan lokaci ba, aikin masu raba ƙwallo ne su zo su karɓa, aikin benci ne kowa ya san hutu ya ƙare.

Daga baya bincike ya nuna wani mai goyon bayan ƙungiyar, Ed Martin, ya ba 'yan wasan Michigan huɗu kuɗi da suka kai dala 616,000, Webber na ciki, shi kaɗai daga cikin biyar ɗin. A 2002 jami'ar ta sauke tutocin tunawa da zuwansu zagayen huɗun ƙarshe na 1992 da 1993 daga rufin ɗakin wasanta, aka soke sakamakon. Doka ce a lokacin, kuma an karya ta, ba na musun wannan. Sai dai a shekarun nan jami'ar da kamfanonin kaya sun sayar da riguna da wanduna na miliyoyin daloli saboda yaran nan, su kuwa doka ta hana su karɓar ko sisi. Tun watan Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibi ya samu kuɗi da sunansa da hotonsa, yau akwai waɗanda ke karɓar abin da ya ninka na Webber a fili ba ɓoye. Rose da Howard da King da Jackson ba a same su da karɓar kuɗin nan ba, amma an shafe wasanninsu tare da nasa. Ni a ganina ya kamata Michigan ta mayar da tutocin nan biyu inda ta ciro su.