Wace taya ta dace da a-kori-kura a zafin Katsina?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan taya suka sauka, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda saitin taya huɗu yanzu ya kai kuɗin da mutum zai zauna ya yi shawara kafin ya zaro. Na ɗauki huɗu daga ciki.

Ta farko daga Daura take: "Assalamu alaikum. Ina da Hilux da nake kai taki gona da ita, in kwaso gero da gyaɗa bayan girbi, sau biyu ko uku a wata kuma ina zuwa Kano. Tayoyina sun suɗe. Mai shago ya nuna mini wata da aka rubuta All Season a jikinta, ya ce ta kowane yanayi ce, rani da damina, kuɗinta kuma ya fi na sauran. Ta cancanci ƙarin?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, sai dai yanayin da rubutun yake nufi ba namu ba ne. A Kanada da arewacin Amurka da Turai, idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar taya ta bazara takan yi tauri ta daina kama titi, ga dusar ƙanƙara a kan hanya. Shi ya sa da yawansu suke da saiti biyu, suna sauyawa sau biyu a shekara. Aka ƙera musu ta tsaka-tsaki don a rage musu wannan wahala, ita ce wadda aka nuna maka. Haruffan M+S da za ka gani a gefenta laka da dusar ƙanƙara suke nufi. Mu kuwa a Daura, ko a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, ruwan randa bai taɓa daskarewa ba. Yawancin tayoyin kwalta da ake yi wa irin motarka da wannan rubutu suke zuwa dama. Ba aibi ba ne, amma ba dalilin ƙarin ko sisi ba ne.

Abin da ke kashe taya a ƙasarmu zafi ne da lodi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nisa, ba ka iya taka ta ba takalmi. Duk juyi ɗaya da taya ta yi, gefenta yana lanƙwashewa ya miƙe, wannan lanƙwasar kuma zafi take haifarwa a cikin robar. Ka ƙara nauyi, lanƙwasar ta ƙaru. Iska ta ragu, ta ƙara ƙaruwa. Ka haɗa da gudu a miƙaƙƙiyar hanya irin ta Kazaure, sai robar ta fara rabuwa da wayar ƙarfen da ke cikinta. Daga nan sai ƙarar fashewa. Mutane su ce ƙusa ce, alhali tayar ta daɗe tana dahuwa.

Saboda haka ka bar manyan rubutun, ka duƙa ka karanta ƙananan. A gefen taya za ka ga wani abu kamar 265/65 R17 112H. Lamba 265 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin. Lamba 17 girman wili ne a inci. Kowa ya san waɗannan, ko yaron shago zai karanta maka su. Wadda ake tsallakewa ita ce 112, kuma ita ta fi shafarka: tana nufin tayar tana ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika. Lamba 110 kilo 1,060 ce, 104 kilo 900, 100 kuma kilo 800. Taya biyu suna iya zama girma ɗaya, su hau wili ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya ƙarfin lodi da buhu biyu ko uku. Harafin ƙarshe na gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210. Wannan ba zai dame ka ba.

Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin. Akwai 'yar takarda da kamfanin motar ya manna, da girman tayar da ya zaɓa mata da lambar lodinta da iskar da take buƙata. Kada ka sayi abin da lambar lodinsa ta gaza wadda ke rubuce a nan, ko mai shago ya rantse maka.

Tunda kai mai kaya ne da gaske, nemi wadda ke da LT a farkon lambarta ko C a ƙarshe, kamar 205 R16C da ake gani a kan tsofaffin Hilux. Waɗannan don motar kaya aka yi su, gefensu ya fi kauri. Sau da yawa za ka ga 8PR a jikinsu, abin da direbobi ke kira filai takwas. A da can shimfiɗa takwas ce ta zare a ciki. Yanzu ba a sa takwas ɗin, ma'aunin ƙarfi ne kawai ya rage, amma ma'auni ne na gaskiya. Wadda ba ta da LT ko C tayar motar fasinja ce, kuma a ƙa'idar masu ƙera taya a Amurka, idan aka ɗaura ta a kan a-kori-kura sai an rage kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyin da aka rubuta mata. Mai kauri tana da nata farashi: idan bayan motar ba kaya za ka ji kowane rami a ƙugunka, kuma sai an ba ta iska fiye da ta fasinja kafin ta ɗauki nauyin da aka yi ta dominsa.

In faɗa maka wata gaskiya da mai shago ba zai faɗa ba. Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, har da kai da yaran da ke zaune a ciki. Buhun taki ashirin masu kilo 50 sun riga sun cika tan. Na sha ganin motoci suna fitowa daga kasuwar Mai'aduwa hancinsu yana kallon sama, bayansu yana neman sharar ƙasa. Babu tayar da za ta ƙara wa sifirin da burki ƙarfi. Sahu biyu ya fi araha a kan taya ɗaya da ta fashe da kaya a kanta.

Sai zane. Tayar H/T ta kwalta ce, zanenta ƙanana ne a jere, ba ta ƙara, ba ta cin mai sosai, kuma ta fi tsayawa a jiƙaƙƙen titi cikin Agusta. Tayar A/T tsakanin kwalta da daji take, haƙoranta sun fi girma, ta fi jure tsakuwa. Idan hanyar gonarka burji ce ko ƙasa mai tauri, H/T mai C ko LT ta ishe ka, ganin yawancin kilomitocinka a hanyar Kano suke ƙarewa. Idan kuwa kana kutsawa cikin gona bayan girbi, inda kututturen dawa da ƙayar aduwa suke jira, ko kana ratsa fadama da damina, ɗauki A/T mai matsakaicin haƙora. Kai ka san sau nawa ka tsaya wurin mai faci a bara, wannan lissafin ya fi shawarata.

Kafin ka biya, nemi inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe ranar haihuwar tayar ce: 1524 yana nufin mako na 15 a shekarar 2024. Roba tana tsufa ko ba ta taɓa ƙasa ba, balle wadda ta yi shekaru a ƙofar shago rana tana dukanta. Duba duka huɗun, ba wadda aka fara miƙo maka kaɗai ba.

Tambaya ta biyu daga wani matashi a cikin birnin Katsina: "Yallabai, ni ma'aikaci ne, daga gida Ƙofar Ƙaura zuwa ofis nake yi, wani ƙarshen makon in je Dutsin-Ma gaida iyaye. Ina sha'awar manyan tayoyin nan masu haƙora kamar na tarakta, in kuma ƙara girmansu a kan na asali. Me ka gani?"

Ƙanena, sha'awa ba laifi ba ce, kuma gaskiya suna yi wa mota kwarjini. Amma wannan da ka kwatanta M/T ce, ta laka mai zurfi. A kwalta kuka take kamar jirgi zai tashi, tana da nauyi, tana ƙara shan mai, kuma idan ka taka burki a titin da ruwa ya jiƙa, robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ga dalilin da zai sa mai albashi ya ɗauko wa kansa wannan ba. Ko a yashi ma ba ta da fa'idar da ake zato, tona rami take ta binne kanta. Abin da ke fitar da mota daga yashi shi ne a ɗan rage iska don tayar ta baje, a mayar da ita da zarar an hau kwalta.

Batun ƙara girma kuma, ga lissafi. Tayar 265/65 R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, 265/70 R17 kuma kusan 803. Bambancin ya ɗan haura kashi 3 cikin ɗari. Agogon gudunka zai nuna 100 kana kan 103, motar za ta ɗan yi nauyin tashi, in ka wuce haka kuma tayar tana iya gogar jikin mota idan ka karya sitiyari. Tsaya a girman da ke jikin ƙofa, ka sayi H/T mai kyau. In har zuciyarka ta ƙi, A/T ce iyakar inda zan raka ka.

Ta uku wata Hajiya ce mai raba ruwan leda ga shaguna: "Direbana ya ce mu sayi 'yan Beljiyam, rabin kuɗin sabuwa ne kuma zanensu da saura. Ni dai hankalina bai kwanta ba."

Hajiya, hankalinki ya fi na direban gani. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Legas a 2008, tun daga nan kasuwar ta koma hannun masu shigo da kaya, mai kyau da marar kyau. Tsohuwar taya tana cikin kayan da doka ta hana shigo da su Najeriya, don haka duk wadda kika gani ta ɓarauniyar hanya ta biyo. Wasu ma cusa taya ake yi cikin taya, uku ko huɗu, don a rage kuɗin kwantena, wannan kuwa yana lanƙwasa wayar bakin tayar inda take kama wili. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irinsu.

Zane da saura ba ya nuna abin da ke ciki. Ba ki san ramin da ta faɗa ba, ba ki san ko an taɓa tafiya da ita ba iska ba. Da yawansu kuma tayoyin hunturun Turai ne, za ki gane su da hoton dutse mai ƙololuwa uku da tambarin ƙanƙara a tsakiya, da ƙananan tsage-tsage cike da fuskarsu. Robarsu laushi gare ta don sanyi, a kwaltar Katsina kuwa lashewa take kamar sabulu. Ga shekaru: hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana jan kunnen direbobi cewa taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, kuma jami'anta suna duba lambar a kan hanya. Su kansu kamfanonin da suka fi sassauci, irin Michelin, cewa suke daga shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara, a shekara goma a cire ko yaya take. 'Yar Beljiyam da wuya ta iso hannunki ba ta cinye yawancin wannan wa'adin ba.

Ruwa kuma kaya ne mai nauyi, kowace lita kilo guda ce. In kuɗin Bridgestone ko Dunlop ko Michelin ya yi miki yawa, akwai na tsakiya irin Maxxis da Hankook, akwai kuma na Sin irin Triangle da Linglong. Sabuwa daga cikin waɗannan, mai C da lambar lodi daidai da kwanan wata na kusa, ta fi tsohuwar babban suna. In huɗu ba su samu lokaci ɗaya ba, sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, wata mai zuwa a cike na gaba. Ki karɓi rasit da hannunki, ki kuma ga tayoyin da idonki bayan an ɗaura.

Ta ƙarshe gajeriya ce: "Mai facinmu iska 50 yake sa wa kowace taya, ya ce haka aka rubuta a jikinta. Daidai ne?"

Malam, abin da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba abin da motarka take so ba. Naka yana kan takardar jikin ƙofa, kuma yawanci lamba biyu ce, ta lokacin da ba kaya da ta lokacin lodi. Iska ta yi yawa, tsakiyar tayar ya cinye, motar ta riƙa tsalle. Ta yi kaɗan, gefe biyun su cinye, zafi ya taru. Sayi ɗan ma'aunin iska naka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin ka fita. Idan ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta hau, kada ka sace, zafi ne, za ta sauka da kanta. Duk kilomita 10,000 a juya na gaba zuwa baya, in kuma ka ga gefe ɗaya kaɗai yake cinyewa, saitin ƙafa motar take nema kafin ka ɗaura sababbi. A cikin zanen akwai ƙananan tudu da aka sa a milimita 1.6, ranar da fuskar tayar ta yi daidai da su, ta gama.

Ka haɗa da safaya. A irin motocin nan a ƙarƙashin bodi take rataye, ba mai ganinta. Ni wata bazara tsakanin Mashi da Daura tayar baya ta fashe mini, na kwanta a ƙasa mai zafi na sauko da safayar da ƙyar, na tarar ba iska a cikinta ko kaɗan, gefenta duk ya tsattsage. Da na duba lambarta, ta girmi ɗana da ke aji uku a firamare. A bayan mai babur na tafi neman taya.