Abin da za ka sa a CV idan kana neman aiki a Ingila

Ƙanina, na ga saƙonka cewa ka samu gurbin karatun digiri na biyu a Ingila, kuma kana son ka gyara CV ɗinka tun kafin ka taso domin neman aikin da za ka riƙa yi tare da karatu. Na karanta wadda ka turo mini mai shafi biyar, kuma gyaran farko shi ne ta koma shafi biyu.

Ka cire hotonka, da ranar haihuwarka, da addininka, da batun aure da yawan 'ya'ya. Dokar daidaito ta shekarar 2010 ta haramta wa mai ɗaukar ma'aikata a nan ya fifita wani ko ya ƙi shi saboda shekaru, ko addini, ko jinsi, ko launin fata, don haka ma'aikatu da yawa sun fi son kada su ga waɗannan bayanai sam. A Jamus kuwa har yanzu mutane da dama suna maƙala hoto, saboda haka kowace ƙasa da tsarinta. Sunanka da lambar wayarka da adireshin imel sun wadatar a saman takardar, amma imel ɗin ya kasance na sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba.

Inda na fi son ka ɓata lokaci shi ne sashen ayyukan da ka taɓa yi. Ka fara da na baya-bayan nan, ka rubuta sunan muƙamin da wurin aikin da watan farawa da na barinsa. Na lura ka rubuta cewa kai mai ƙwazo ne mai riƙon amana, wanda kowane mai nema zai iya faɗa game da kansa. Abin da suke nema shi ne aikin da hannunka ya yi. Shekarar da ka yi kana bautar ƙasa, alal misali, kada ka rubuta NYSC kawai ka wuce, domin Baturen da zai karanta bai san ma'anarta ba. Ka bayyana cewa ka koyar da lissafi a makarantar sakandare, da yawan ɗaliban da ke ajinka, da abin da ya sauya a hannunka. Haka kuma ka riƙa duba tallar kowane aiki kana amfani da kalmomin da suka sa a ciki, matuƙar gaskiya ne kana da ƙwarewar, saboda manyan kamfanoni da yawa suna tace takardu da manhajar kwamfuta kafin ɗan Adam ya gan su.

A sashen karatu, digirinka da sakamakonsa da shekarar kammalawa sun isa. Ka bar makarantar firamare. Idan wata ma'aikata ta yi shakkar matsayin takardarka, hukumar UK ENIC ce ke ba da shaidar daidai da wane mataki take a tsarin nan. Ka sa harsunan da kake ji, har da Hausa, domin asibitoci da kotuna sukan buƙaci tafinta.

Bizar ɗalibin digiri takan ba da izinin aiki na awa 20 a mako lokacin zangon karatu, kuma yana da kyau ka faɗi haka a wasiƙar da za ta raka CV ɗin. Masu ba da shaida a kanka kuwa, mutum biyu sun isa, amma ka nemi izininsu tukuna, ka kuma tabbata suna duba imel ɗinsu.